Ganyen da Asu Ya Ci

Eskilstuna, Suwidin
9 ga Mayu, 1971

Yaya Sulo,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Kerttu da yara. Ina fatan ƙanƙarar tafki ta fashe, kuma ciwon bayan nan naka ya bar ka ka fita gona. Mu nan da sauƙi. Baba yana iya zama a kujera yanzu, yana cin abinci da hannun hagu. Na daman dai har yau yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Harshensa ya ɗan saki, ana gane maganarsa, musamman in faɗa yake yi.

Na san za ka ce sai da buƙata Toini ke tuna tana da dangi. Faɗi, ba ka yi ƙarya ba. Rabona da kai tun bayan rasuwar Inna, ranar da ka taya ni buga katako a tagogin gidanmu na ɗauko Baba na taho da shi nan. Amma kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma duk ƙauyen kai kaɗai ka rage da ke hango rufinmu daga ƙofarka.

Ga abin da ya kawo ni. Ƙungiyar mutanenmu a nan tana da ɗakin surace, ana hura shi duk Asabar. Likita ya ce zuwa tsakiyar bazara Baba zai iya shiga in an riƙe shi. Tun da ya ji haka bai bar ni na huta ba. Wai shi ba zai doki jikinsa da ganyen Suwidin ba, warin hayaƙin mota yake yi. Tsintsiyar wanka yake so, irin ta ganye da ake dukan jiki da ita a surace, daga bishiyar koibu ta ƙofar gidanmu, wadda mahaifinsa ya dasa ranar da aka haife shi. Ka san yadda tsofaffinmu suke da irin wannan bishiya. A wurinsu ita da mai ita rai ɗaya ne, in ta yi kore ya yi kore, in ta bushe a fara auna katakon akwatin gawa. Ina dawowa daga masana'anta, kafin in cire takalmi, tambayar ke nan: yanzu ta fara toho kuwa? Sai ka ce daga nan nake hango garinmu Kuhmo.

Don Allah in bikin Yuhannus na tsakiyar bazara ya zo, ganye ya ƙosa, ka sa tsani ka yanko daga rassan da ke reto ta wajen rijiya. Ka ɗaure yadda kuke ɗaurewa, ka shanya a inuwa, ka aiko ta gidan waya. Guda ɗaya ma ta isa. Ban san abin da zai tashe shi tsaye ba in ba wannan ba, kuma ni kaina na gaji, Yaya.

Ƙanwarka,
Toini

Kuhmo
30 ga Mayu

Toini,

Wasiƙarki ta iso, na gode. Duk muna lafiya. Bayan yana nan yadda kika san shi, ni da shi mun saba. Kerttu tana gaishe ki, ta ce ta ji an ce matan Suwidin ba sa toya burodi, saye suke yi a kanti, wai ko ke ma kin lalace haka?

Jar saniya ta haihu, namiji. Mun shuka dankali a makare saboda sanyin ƙasa. Gidan Moilanen su ma sun buga katako sun bi ku, yanzu motar madara ba ta ƙarasowa, sai in kai gwangwani bakin titi da doki. Makaranta ma ana cewa bana ce ta ƙarshe. In aka ci gaba a haka ni da sauro za mu raba ƙauyen.

Na leƙa gidanku. Rufin barga ya ɗan lotsa ta gabas, sauran lafiya lau. Rijiyar ta cika.

Maganar bishiya kuwa ki bar ta a hannuna. Na je na duba ta, kuma na san abin da zan yi.

Amma ki gaya mini tsakani da Allah, yaya jikin Kawu Aate a makonnin nan? Bai rame ba? Fatarsa ba ta sauya ba? Yana barci? Ba wani abu ba ne, tambaya ce kawai. Ki amsa mini wannan da wuri.

Yayanki,
Sulo

Kuhmo
28 ga Yuni

Toini,

Gaisuwa gare ki da Kawu. Na ji daɗin katinki da kika ce yana nan yana ci yana faɗa. Mu ma lafiya.

Ga tsintsiya biyu a cikin kwalin nan, ganye tsaf, babu ko tabo. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi tukuna, kada ki tsoma su a tafasasshe. Kerttu ta cusa baƙin burodi da busasshen kifi a gefe. A ce da Kawu a yi surace lafiya.

Sulo

Eskilstuna
6 ga Yuli

Yaya Sulo,

Ina gaishe ku. Ba zan ce muna lafiya ba, don ba mu lafiya.

Kwalinka ya iso ranar Juma'a. A gabansa na buɗe, ƙamshi ya cika ɗakin, ni kaina sai da idona ya kawo ruwa. Na ɗora masa ɗaya a cinya. Ko kallonta sosai bai yi ba. Ya kama ganye ɗaya ya murza tsakanin yatsu, ya shafa reshen sama da ƙasa.

Ya ce, "Wannan koibun fadama ce."

Na ce, "Haba Baba, koibu ai koibu ce."

Ya ce, "Ke cokali da wuƙa kika sani, su kike gogewa tun safe a masana'anta. Tawa ganyenta santsi ne mai tauri, reshenta da ƙuraje. Wannan gashi gare ta kamar kunnen ɗan maraƙi. Tana shiga ruwan zafi yauƙi za ta yi. Kuma yaron nan Sulo a daji aka haife shi, ba kuskure ya yi ba."

Na fara kame-kame, ko tsaninka ne ya karye, ko bayan ne ya hana ka hawa. Ya dube ni har sai da na rufe bakina. Sannan ya ce in mayar da shi gado. Ya juya fuskarsa ga bango, kuma tun daga ranar ban da kofi da ruwa babu abin da ya wuce maƙogwaronsa. Asabar maƙwabcinmu Urho ya zo da mota zai kai shi surace, Baba ya ce a gaya masa ba ya nan.

Sai na ɗauko wasiƙarka ta watan Mayu na sake karantawa. "Na je na duba ta, kuma na san abin da zan yi." Ka ba ni labarin saniya da rijiya da rufin barga, amma bishiyar da na tambaye ka layi ɗaya ta samu. Ga kuma tambayar ko Baba ya rame, ko fatarsa ta sauya. Yanzu na gane. Ka sare ta, ko ba haka ba? Hunturu ya yi tsawo, itace ya ƙare, ga ƙatuwar koibu a ƙofar gidan da ba kowa, masu shi sun tafi neman kuɗin Suwidin. Sai daga baya tsoro ya kama ka, kana tambaya ko abin ya ci mai ita.

In haka ne ka faɗa mini kai tsaye. Zan ji zafi, amma wannan zaman na rashin sani ya fi zafi. Ina tsaye gaban inji hannuna na aiki, hankalina yana ƙofar gidanmu yana neman kututture.

Toini

Eskilstuna
15 ga Yuli

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Shirunka ya yi yawa. Kullum in na sauko sai na buɗe akwatin wasiƙu, in na dawo in sake buɗewa, har matar da ke share bene ta fara yi mini kallon tausayi.

Baba ya sha romo cokali kaɗan jiya, don Urho ya zauna masa a kai. Wandonsa ya fara zamewa. Likita ya ce bai ga sabon ciwo ba, amma in ya ci gaba a haka za su kwantar da shi su sa masa ruwa. Ka san in aka kai shi inda ba mai jin yarensa, ba zai fito ba.

Wataƙila na yi maka kaushi a waccan wasiƙar. Ban janye ba tukuna, amma ka rubuto ko zagina ne.

Toini

Kuhmo
19 ga Yuli

Toini,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai gajiya. Wasiƙunki biyu tare na karɓe su, don muna can ƙetaren tafki muna yankan ciyawa, a bukka muke kwana, ba wanda ya je bakin titi. A tsaye na karanta, kuma ta farkon sai da na ajiye ta na zagaya barga na dawo.

Ni in sare bishiyar Kawu? Ni da ko doki ba na ɗaurewa a jikinta? Tana nan tsaye inda kika bar ta. Amma da kin gan ta, da wataƙila kin gwammace kututturen.

Bari in faɗa miki daga farko. Da ganye ya fara buɗewa na je dubawa da rana, na tarar da wasu 'yan mitsi-mitsin asu suna yawo a rassan. Kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, fiffikensu na ƙyalli ruwan zinariya. Har na tsaya ina sha'awarsu. Bayan 'yan makonni sai ganyen ya fara yin bororo fari-fari daga gefe. Na fasa ɗaya da farce, sai ga 'yar farar tsutsa kwance tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana cin naman ganyen daga ciki tana barin fanko. Na fasa wani, haka. Na hau tsani, haka har sama. Kafin Yuhannus bishiyar ta koma ja-ja kamar wuta ta bi ta kanta. Sauran koibun gefenmu ma sun taɓu, amma ba kamar ita ba.

Na ce bari in yi mata feshin maganin dankali. Kerttu ta ce, "Ka fesa wa wa? Buɗe ka gani, masu gidan sun tashi." Na buɗe kuwa, ba tsutsa ko ɗaya, sai baƙin zare-zare na kashinsu.

Tsohuwa Hilja ta zo wucewa da sandarta, ta tsaya ta daɗe tana kallon sama. Ta ce, "An kira Aate." Na ce, "Iya, ƙwaro ne kawai." Ta ce, "To wa ya aiko ƙwaron?" Ta wuce abinta.

Ni mai zuwa coci ne, Toini, ban yarda da wannan zance ba. Amma kullum da safe kafin tatsa sai in tsinci ƙafata ta kai ni can. Shi ya sa tun da na ga bororon farko na tambaye ki ko ya rame. Da lokacin yanka ya yi na tsaya da wuƙa a hannu na ce, yanzu in naɗe wannan in aika wa mutumin da rabin jikinsa ya riga ya tafi? Ai sammaci ne zan sa a kwali. Kerttu ta ce, "Aika masa nasa, tsoho ba yaro ba ne." Na ce ta yi shiru. Na shiga kwalekwale na haye fadama inda asun bai kai ba, na zaɓo mafi kyau. Na san ba iri ɗaya ba ne. Na ɗauka shekara uku a bene ta mantar da yatsunsa.

Yanzu ga shi na aika mai kyau ya daina ci. In na aika ta gaskiyar ban san me zai daina ba. Ke ce kusa da shi, ki faɗi abin da zan yi.

Yayanki,
Sulo

Eskilstuna
24 ga Yuli

Yaya Sulo,

Ina gaishe ku duka. Ka yafe mini maganar itace. Na ji kunya har ban iya gama karatun a zaune ba.

Na gaya wa Baba bishiya tana nan tsaye, ka rantse. Bai ko juyo ba. Ya ce, "Haka ne." Ka san irin "haka ne" ɗin da ake ce wa yaro. Ban iya gaya masa sauran ba. Sau biyu na so in faɗa, maganar Hilja ta hana ni.

Na yi ta juya abin a wurin aiki har na yanke yatsa. Ga abin da na yanke: ka hau tsanin ka yanko ta yadda take. Kada ka tsince, kada ka zaɓa, kada ka cire ko ganye ɗaya. Bakina ba ya yarda da shi yanzu, naka ma haka, yatsunsa kaɗai yake yarda da su. In abin ya zo da sharri, ni na ce a aiko, ba kai ba.

Ka yi sauri. An ce ranar Litinin ta sama ma'aikatan asibiti za su zo su duba ko za a ɗauke shi.

Toini

Kuhmo
28 ga Yuli

Toini,

Muna lafiya. Ga ta nan, daga rassan wajen rijiya. Lokacin yanka ya wuce, rabin ganyen ma a hannuna ya zube, na kwashe na zuba a kwalin. Ban taɓa ɗaure abu mai muni haka ba. Na kai ta cikin garin Kuhmo da kaina don kada ta kwana a bakin titi.

Ba ke kaɗai kika ce a aiko ba, ni ma na sa hannu. Ki rubuto ko mene ne. Ciyawa tana jira, na kasa komawa.

Sulo

Eskilstuna
9 ga Agusta

Yaya Sulo,

Gaisuwa gare ka da Kerttu da yara. Ka koma wa ciyawarka, ka ji. Zauna tukuna ka karanta.

Ta iso ranar Litinin ɗin da safe, kafin su zo. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa da kwalin. Na ce, "Baba, ga wani saƙo daga Sulo." Ya ce in ajiye. Na ce ba zan ajiye ba. Na zagaya ta wajen bango na tura masa ita ƙarƙashin hannu.

Yatsun suka fara tafiya a kan reshen, suka tsaya. Ya buɗe ido. Ya ce in tashe shi zaune, in buɗe labule. Ya tsinki ganye ɗaya ya ɗaga wa hasken taga, ga fankon nan ja, ga baƙin zaren a ciki. Ni dai na riƙe ƙarfen gado ina jiran abin da zai biyo baya.

Sai ya ce, "Kai! Ɗan banzan asun nan ne ya dawo?"

Na ce, "Ka san shi?"

Ya ce, "Ya ci ta ina saurayi, ya ci ta shekarar da muka dawo daga yaƙi. Ci yake ya ƙoshi, ya sauka ƙasa ya kwanta. Ita kuma ta yi bazara ɗaya tana muni, shi ke nan. Dubi bakin reshen, makafin banza, ke da yayan naki." Na duba, ashe can ƙarshen kowane tsinke akwai 'yan sababbin ganye ƙanana, kore shar. Kai ka ɗaure su da hannunka ba ka gani ba.

Na gaya masa abin da Hilja ta ce. Ya ce Hilja tun suna makaranta take kiran mutane, ita ce har yau ba a kira ba.

Nan ne kuka ya ƙwace mini, na hau shi da faɗa. Na ce, "Wata guda kana kashe kanka a kan itace! Da ta faɗi da gaske sai ka bi ta ka bar ni?"

Ya ce, "Ba itace ba ne, 'yar nan. Bishiya tana faɗuwa, ni na kayar da dubunsu. Da na taɓa ganyen fadaman nan sai na ce, to, an zo wurin. An fara kawo mini abu mai kyau ana cewa nawa ne. Haka muka yi wa uwarki a watanta na ƙarshe, ni da ke, kullum muna ce mata yau kin fi jiya. Na ce likita ya gaya miki abin da ba ki gaya mini ba, ke kuma kin gaya wa Sulo. Wanda aka gama da shi ake yi wa haka."

Yaya, ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wannan ba. Na rantse masa likita bai ce komai ba. Ya daɗe yana kallona, ya sake kallon ganyen. Ya ce, "To me ake jira da kunun?"

Da ma'aikatan asibiti suka zo sun tarar da shi yana dangwalar burodin Kerttu a madara, suka koma da gadonsu.

Shekaranjiya Urho ya kai shi surace. Urho ya ce bugu ɗaya aka yi ganyen ya watse, ya manne wa Baba a baya da ƙeya, aka bar shi da tsinke a hannu, amma ya hana a ba shi wata. Ya sa na riƙe masa takardar nan zai rubuta maka da kansa. Ka yi haƙuri da rubutun, na hagu ne.

Ƙanwarka,
Toini

Sulo,

Kai sakarai ne, amma na gode. Ka bar asu ya ci rabonsa. Baɗi ka yanko mini daga jikinta, kore ko ja. In babu ganye ka aiko da tsinken. In kuma ni ne babu, Toini za ta gaya maka kai tsaye, sai ka hura wuta ka yi wankan da ita.

Kawunka,
Aate